Gobarau: Masallacin da Ya Rage Hasumiya

A birnin Famagusta na tsibirin Saifurus akwai masallacin Lala Mustafa Pasha. Majami'a ce ta dutse da Kiristoci suka soma ginawa a 1298. Da Turkawan Usmaniyya suka ci garin a 1571 sai suka kawar da siffofin da ke ciki, suka ɗora hasumiya, aka shiga salla. Katsina kuwa ba ta gaji ginin kowa ba. Da Musulunci ya shiga fada, ƙasar garin aka kwaɓa aka tayar da masallacin Gobarau.

Masana tarihi na danganta kafuwarsa da Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya musulunta, a ƙarni na 15. A ƙarshen wannan ƙarni ne Shehu Magili ya ratso Katsina, fatake da malamai kuma suna ta kwararowa daga hamada. Gobarau ya zama masallacin Juma'a, ya zama makaranta. Ana ba da labarin cewa gardama ta kaure kan alƙibla, har Malam Jodoma ya nuna da sandarsa aka hango Ka'aba.

Magina sun yi aikin da tubali da laka, suka ɗaure da azara. Hasumiyar hawa uku ce, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa, ga matakala har bisa. Tsawonta a yau kusan mita 15. A da, daga can ladan ke kiran salla, daga can kuma ake hango ƙurar mahara tun ba su iso ganuwa ba.

A lokacin jihadi, Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina wajen 1807, ya gina sabon masallaci. Jam'i ya koma can, yaɓen Gobarau ya tsaya. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure sakaci, kowace damina sai ta ɗebi rabonta. Masallacin ya zube, hasumiya ta soma zaizayewa.

Sarki Muhammadu Dikko ne ya tara magina suka gyara ta wajen 1930, daga baya gwamnati ta sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa. Dutsen Famagusta zai iya shekaru ba a taɓa shi ba, amma Gobarau sai da hannun magini. In ana son ta daɗe a tsaye, dole a ci gaba da koya wa yara kwaɓa ƙasa da yaɓen makuba.