Mashigar Dover: Daga Ƙidayar Haɗurra Zuwa Bin Sawun Jiragen Ruwa

A wannan maƙala za mu waiwayi Mashigar Dover, wadda ta raba Ingila da Faransa. Ranar 11 ga Janairu, 1971, jirgin dakon mai Texaco Caribbean ya yi karo da Paracas, ya nutse. Kashegari Brandenburg ya afka wa ɓaraguzansa, a watan Fabrairu kuma Niki ya bi sahu. Rayuka da dama suka salwanta. Saboda haka a 1972 aka fara sa ido a kan mashigar da na'urar rada.

A wancan zamani, galibi da haɗurran da suka riga suka auku ake auna hatsari. Zuwa ƙarshen 2004 an wajabta wa manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe na'urar AIS, mai sanar da inda jirgi yake, da saurinsa, da inda ya dosa. Da wannan bayani masana ke ƙidaya lokutan da jirage suka kusa yin karo, su gane wurare mafi hatsari tun ba a yi asara ba. Sai dai mu lura, jirgin da ya kashe na'urarsa, da kwalekwalen da ba shi da ita, ba sa shiga lissafin.