Haikalin Dutse na Birnin Salt Lake

A 1847 Brigham Young ya iso kwarin Salt Lake a Amurka da mabiya ɗarikar Mormon, bayan an fatattake su daga Illinois. Ginin haikalinsu ya ci shekara 40, daga 1853 zuwa 1893. Shanu ne suka riƙa jan duwatsun daga tsauni, tafiyar kwanaki, kafin jirgin ƙasa ya zo.

Baƙo ba ya shiga haikalin, sai zauren taron da ke gefensa, wanda aka kammala a 1867. An gina zauren yadda ko allura ta faɗi sai an ji. Da muka kai ziyara, nan ɗana mai shekara biyu ya yi ta kwarma ihu yana jin daɗin amsa-kuwwa, ni kuwa kunya kamar in nutse. Mai ƙaramin yaro, ka taho da alewa a aljihu.