Shakazoba a Hanyar Minjibir: Daga Peugeot Zuwa Golf

Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 504 da a-kori-kurar 404 suka mamaye hanyoyin karkarar Kano. Da irinsu aka riƙa kwaso kayan gwari daga fadamun Wasai da ke Minjibir zuwa birni, a bi burji da gargada ba ruwan direba. Shakazobar da aka saba da ita a lokacin mai bututu biyu ce: fistin na kai-komo cikin mai a bututun ciki, na waje kuma na riƙe rarar man. Tana da laushi, tana da araha.

Aibinta zafi. In mota ta daɗe tana tsalle a gargada, man sai ya gauraya da iska ya yi kumfa, fistin ya rasa abin turawa, motar ta shiga rawa, sitiyari ya daina jin magana a kwana.

Maganin wannan ya fito daga Faransa tun 1953, lokacin da injiniya Christian Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro mai bututu ɗaya. A cikinta wani ƙaramin fistin ne ke raba mai da iskar naitirojin da aka matse, don haka babu kumfa, zafi kuma na fita kai tsaye ta jikin bututun. Kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauki fasahar, Mercedes-Benz ta sa a motocinta a 1957. Mai bututu ɗaya tana manne taya da ƙasa, amma ƙugun fasinja na jin kowane rami, kuma dutse ɗaya in ya lotsa bututun, fistin ya cije, shi ke nan. Mai bututu biyu kuwa ko na wajen ya lotse tana ci gaba da aiki.

Shi ya sa, a ganina, ko da Golf ta karɓi haya daga hannun Peugeot, direban Minjibir bai yi kuskure ba da ya tsaya kan mai bututu biyu. Ba gudu yake nema ba. Lodi kuma, duk da abin da ake faɗa a gareji, sifirin ne ke ɗaukarsa, ba shakazoba ba.

Yau in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman shakazoba, ba kasafai mai kaya zai tambaye ka bututu nawa ba. Sabuwa kake so ko Beljiyam? Sai ya danna ta da hannu, ku ga ko za ta dawo a hankali.