Bikin Fallas: Yadda birnin Valencia ke ƙone aikin shekara guda a dare ɗaya

Fallas biki ne da ake gudanarwa kowace shekara a Valencia, birni na uku mafi girma a ƙasar Sifaniya, daga ranar 15 zuwa 19 ga watan Maris. A cikin waɗannan kwanaki ana kakkafa manya-manyan mutum-mutumi a mararrabar tituna da dandalin unguwanni, a bar su jama'a su sha kallo, sannan a banka musu wuta a daren ƙarshe. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2016.

Labarin da ya fi shahara game da asalinsa yana komawa ne ga kafintocin birnin. An ce idan hunturu ya ƙare, rana ta fara tsawo, sukan fito da katakon da suke rataya fitila a kai tare da tarkacen shago su ƙone a jajibirin ranar Waliyyi Yusufu, wanda Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika ke ɗauka a matsayin majiɓincin kafintoci. Sannu a hankali aka fara sanya wa katakon tsumma da hula don ya yi kama da wani maƙwabci da ake son yi wa shaguɓe. Wannan zambo shi ne ruhin bikin har yau.

Unguwanni ne ke ɗauke da nauyin aikin. Birnin yana da ƙungiyoyin unguwa kusan 400, kowace tana da zaurenta, kuma mambobinta suna tara kuɗi duk tsawon shekara ta hanyar karo-karo da tallafin 'yan kasuwa. Kowace ƙungiya takan ba ƙwararren mai sassaƙa kwangilar gina guda biyu, babba da kuma ƙarami na yara. Wasu daga cikin manyan sukan haura mita 20, wato tsayin bene mai hawa shida ko fiye. A jikinsu ake ganin 'yan siyasa da 'yan ƙwallo da attajirai an kumbura musu hanci ko tumbi, ga alluna ɗauke da baitocin habaici cikin harshen yankin. Ba a ƙyale mai mulki don girman kujerarsa. A bikin 2025, bayan ambaliyar watan Oktoban 2024 da ta kashe mutum fiye da 200 a lardin, shugaban yankin na lokacin, Carlos Mazón, ya sha zambo a tituna da dama kan yadda gwamnatinsa ta tunkari bala'in.

Kafin wuta, ƙara ce ke mulkin gari. Daga ranar 1 zuwa 19 ga Maris, da ƙarfe 2 na rana, dubban mutane kan cika dandalin majalisar birni domin abin da ake kira mascletà: jerin ƙunshin albarushi da ake tayarwa bi da bi cikin 'yan mintoci, ana farawa a hankali kamar kiɗa, a ƙare da rugugin da ke girgiza ƙasa da ƙirji. Ba don ido ake yin sa ba, shi ya sa ake yi da rana tsaka. Wasan wuta na sararin sama sai dare, mafi girmansa kuwa a daren 18 ga wata. A ranakun 17 da 18 kuma mata da maza sanye da kayan gargajiya na siliki suna jerin gwano da furanni zuwa dandalin Budurwa Maryamu, inda ake jera su a jikin wani dogon katako har su zame mayafi.

Guda biyu kaɗai ke tsira a hukumance, ɗaya daga cikin manya, ɗaya daga na yara. Kowace ƙungiya takan kai ɗan mutum-mutumi ɗaya daga babban, ɗaya kuma daga na yara, wurin baje koli, jama'a su kaɗa ƙuri'a, wanda ya yi nasara a yi masa afuwa a kai shi gidan tarihin bikin. An fara wannan zaɓe ne a 1934.

Daren 19 ga wata ana farawa da na yara, sannan manya, a rufe da na dandalin majalisa. Da yake wasu titunan tsohon gari matsattsu ne, 'yan kwana-kwana sukan tsaya suna feshin ruwa a jikin gidaje, da ma 'yan kallon da suka matso, don kada zafi ya fasa tagogi. A nan ne kuma babbar muhawarar bikin take. Da can katako da kwali ake amfani da su, amma yanzu galibi farin soson nan ne mai tauri da ake kare kayan lantarki da shi, domin ya fi sauƙin sassaƙa da ɗauka. Idan ya kama wuta baƙin hayaƙi yake fitarwa, lamarin da ya sa masu rajin kare muhalli ke neman a koma ga katako, wasu masana kuma ke gwada haɗi daga karan shinkafa, wadda ake nomawa da yawa a kewayen birnin.

An taɓa dakatar da bikin a 1896 saboda yaƙin Kyuba, da kuma daga 1937 zuwa 1939 lokacin yaƙin basasa. A 2020 annobar korona ta tsayar da shi ana tsakiyar kafa mutum-mutumin, na 2021 kuwa sai a watan Satumba aka gudanar da shi.