Daga Kwandon Shara Zuwa Tsaunukan Namibiya

Hasken gamma mai tsananin ƙarfi da ke fitowa daga can cikin sararin samaniya ba ya isowa ƙasa. Da zarar ya afka wa iskar da ta lulluɓe duniya sai ya haifar da dubban ƙananan ƙwayoyi masu gudun da ya zarce na haske a cikin iska. Su ne ke sakin wata shuɗiyar walƙiya da ake kira hasken Cherenkov, wadda kan ɓace cikin 'yan kashi daga biliyan na daƙiƙa.

A 1948 Patrick Blackett na Ingila ya yi hasashen akwai irin wannan haske a sararin dare. A 1953 William Galbraith da John Jelley suka bayyana cewa sun kama shi a Harwell ta Ingila. Kayan aikinsu kuwa abin dariya ne: kwandon shara, ƙaramin madubi da na'urar jin haske guda.

To, ganin walƙiyar bai zama wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, sauran ƙwayoyin da ke zubowa daga sama, irin su furoton, su ma haka suke walƙiya, kuma sun ninka gamma sau ɗaruruwa. Aleksandr Chudakov ya kafa madubai a Kirimiya don neman gamma a farkon shekarun 1960, ya tashi hannu rabbana. A 1968 aka gina madubin Whipple mai faɗin mita 10 a Dutsen Hopkins na jihar Arizona, shi ma ya shekara ashirin ba tabbataccen sakamako. Haƙurin Trevor Weekes, ɗan Ireland da ya riƙe wannan aiki, ya cancanci jinjina.

Mafita ta zo ne daga siffar hasken. A 1985 Michael Hillas ya nuna cewa hoton walƙiyar gamma siriri ne, yana nuna inda ya fito, na furoton kuwa a warwatse yake. Da wannan dabara ayarin Whipple ya tabbatar a 1989 cewa gamma na fitowa daga Crab Nebula, ragowar tauraron da masanan Sin suka ga fashewarsa a 1054.

Daga nan hanya ta buɗe. Tashar madubai ta H.E.S.S. ta fara aiki a tsaunukan Khomas na Namibiya a 2002, MAGIC ta biyo baya a tsibirin La Palma. HAWC ta Meziko kuwa tankunan ruwa 300 ta jera maimakon madubai, don haka rana ba ta hana ta aiki.