Sabon allon kwamfuta mai lahani: abin dubawa da abin da doka ta tanada

Sabon allon kwamfuta kan zo da matsala iri uku: hoto ya yi dishi-dishi, ko ya riƙa ƙyaftawa, ko a ga wani ɗigo da ba ya gushewa.

Biyun farko galibi ba laifin allon ba ne. Dishi-dishi kan samo asali daga rashin daidaita kwamfutar da ma'aunin allon, misali 1920×1080, ko amfani da tsohuwar wayar VGA maimakon HDMI. Ƙyaftawa kuwa, a gari irin Zuru da ake yawan dogaro da janareta da sola, raunin wuta na iya haddasa ta.

Amma ɗigon da ya tsaya daram bayan an cika allon da fari ko baƙi, lahanin masana'anta ne. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta bai wa mai saye wata uku ya mayar da kaya mai lahani, a gyara, a musanya, ko a biya shi kuɗinsa. Rubuta "ba a dawo da kaya" a kan rasit bai soke wannan haƙƙi ba. Idan ɗan kasuwa ya ƙi, hukumar FCCPC na karɓar ƙorafi, tare da rasit da hoton lahanin.