Daga Dangwale Zuwa Makullin Waya: Tarihin Zanen Yatsa da Lambar Sirri Wajen Tsaron Dukiya

1.0 Gabatarwa

A yau, wanda ya buɗe manhajar banki a wayarsa ta hannu, sau da yawa ɗayan abu biyu za a nema daga gare shi kafin a bar shi ya ga abin da ke cikin asusunsa, watau ko dai ya ɗora yatsa, ko kuwa ya buga waɗansu alƙaluma da ake kira lambar sirri. Galibin jama'a sun ɗauka makullan nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, illa dai yatsa ya fi sauri. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi salsalar kowannensu, domin ta nuna cewa asalinsu dabam ne, aikinsu ma dabam. An fara amfani da zanen yatsa ne domin hukuma ta gane mutum, ko ya so ko ya ƙi. Lambar sirri kuwa an ƙago ta ne domin mutum ya nuna yardarsa. Sanin wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk mai ajiya a banki, domin kuwa a kansa ne aka gina tsaron da yake dogara da shi.

2.0 Yatsa a Hannun Hukuma

Amfani da zanen yatsa a aikin mulki na zamani ya samo asali ne daga ƙasar Indiya, zamanin da take hannun Turawan Ingila. A shekarar 1858 wani jami'in mulki a Bengal, mai suna William Herschel, ya sa wani ɗan kwangilar kayan gyaran hanya, Rajyadhar Konai, ya shafa tawada a tafin hannunsa ya manna a jikin takardar yarjejeniya, don kada ya zo daga baya ya yi musu. Da Herschel ya zama majistare a Hooghly, sai a 1877 ya shigar da dangwala yatsa cikin rajistar takardun mallaka, da gidan yari, da biyan fansho, saboda a hana wani ya ci gaba da karɓar kuɗi da sunan wanda ya riga ya rasu. Ke nan tun daga farko, rashin yarda da talaka shi ne ya haifi wannan dabara.

A 1880 Henry Faulds, wani likita ɗan Sikotilan da ke aiki a Tokiyo, ya rubuta a mujallar Nature cewa shatin yatsa da aka bari a wurin da aka yi ɓarna yana iya tona asirin mai laifi. A 1892 Francis Galton ya fitar da littafinsa Finger Prints, inda ya kawo hujja a kan cewa zanen ba ya sākewa daga ƙuruciya har tsufa, kuma da wuya ƙwarai na mutum biyu su zo ɗaya. A wannan shekarar ce kuma aka kama wata mata mai suna Francisca Rojas a Ajantina da laifin kisan 'ya'yanta, ta hanyar shatin yatsa mai jini, bisa tsarin da Juan Vucetich ya shimfiɗa. Saura matsala guda, watau yadda za a jera dubban takardu har a iya zaƙulo ta mutum ɗaya cikin hanzari. Wannan kuwa a Kalkata aka warware ta, a ƙarƙashin Edward Henry, tare da ƙoƙarin ma'aikatansa biyu 'yan ƙasa, Azizul Haque da Hem Chandra Bose. An buɗe ofishin zanen yatsa a can a 1897, sa'an nan 'yan sandan Landan suka buɗe nasu a 1901.

Waɗanda aka yi wa mulkin mallaka sun fahimci abin da ake nufi da su. A 1906, lokacin da gwamnatin Transvaal a Afirka ta Kudu ta tsara dokar da za ta tilasta wa 'yan asalin Asiya yin rajista da yatsunsu, sun ɗauki abin a matsayin wulaƙanci, tunda masu laifi aka saba yi wa haka. Daga nan Gandhi ya fara gwagwarmayarsa ta ƙin bin doka cikin lumana, har a 1908 jama'a suka taru a harabar masallacin Hamidia da ke Johannesburg suka ƙone takardun rajistar. A Kenya kuma an tilasta wa maza baƙar fata rataya wani ɗan gwangwani a wuya, mai suna kipande, wanda ke ɗauke da takarda mai zanen yatsunsu da sunan wanda suke yi wa aiki.

3.0 Dangwale a Ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa, abin da ke tabbatar da takarda a Daular Sakkwato da Barno shi ne hatimin sarki, abin da ke tabbatar da ciniki da bashi da ajiya kuwa shi ne shaidu. Da aka kafa ofisoshi da kotuna irin na Turawa, sai jama'a suka kasu biyu a gaban akawu: masu sa hannu da masu dangwale. Kalmar dangwala a Hausa tana nufin taɓa abu kaɗan a ɗauke hannu, kamar yadda ake dangwalar miya, amma sai ta sami sabuwar ma'ana, har ta zama alamar rashin ilmin boko. Mutum yakan ji kunya a miƙo masa tawada a gaban jama'a. Daga baya zaɓe ya ƙara wa kalmar wata ma'ana, inda ake cewa a dangwala wa jam'iyya kaza.

Wani abin lura shi ne, ita kanta shari'ar Nijeriya ba ta ɗauki dangwale kaɗai a matsayin hujjar yarda ba. Dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda aka gada tun zamanin Turawa, ta wajabta wa wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, abin da ke nufin ya ɗauki alhakin cewa an karanta masa ita, ya kuma fahimta, kafin ya dangwala. Dalili a fili yake: shatin yatsa yana nuna wanda ya taɓa takarda, amma ba ya nuna ko ya san abin da ke ciki, ko kuwa kama hannunsa aka yi.

4.0 Asalin Lambar Sirri

Ita lambar sirri 'yar banki ce tun haihuwarta. A shekarun 1960 bankunan Ingila sun shiga neman hanyar da mutum zai karɓi kuɗi bayan an tashi daga aiki, alhali babu akawun da zai dubi fuskarsa ko ya gwada sa hannunsa. A 1966 wani injiniya ɗan Sikotilan, James Goodfellow, ya yi rajistar dabarar haɗa kati da waɗansu alƙaluma da mai katin kaɗai ya sani. Ran 27 ga Yuni, 1967, bankin Barclays ya buɗe na'urar cire kuɗi a Enfield, arewacin Landan, wadda John Shepherd-Barron ya jagoranci ƙerawa. Shi ne ya ba da labari daga baya cewa alƙaluma shida ya yi niyyar sawa, matarsa ta ce huɗu kaɗai za ta iya riƙewa, aka tsaya a kan huɗu.

Alƙaluma huɗu suna ba da lamba 10,000 ne kacal, shida kuwa 1,000,000. Saboda haka ƙarfin lambar sirri bai dogara ga tsawonta kaɗai ba. Ya dogara ne ga abu biyu: ƙayyade gwaji, yadda idan aka yi kuskure sau uku za a rufe katin, da kuma iya bakin mai ita. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wanda ya zaɓi 1234, ko shekarar haihuwarsa, ko ya rubuta lambar a bayan kati, ya rushe ginin da kansa. Amma lambar tana da wata falala da yatsa ba shi da ita, watau idan ta fita ana iya sake wata nan take.

5.0 Haɗuwarsu a Cikin Waya

A watan Satumba na 2013 kamfanin Apple ya fitar da wayar iPhone 5s mai karanta yatsa, a 2015 kuma Android ya buɗe wa masu manhaja irin wannan ƙofa, bankuna suka bi. Yadda abin ke aiki ya bambanta da abin da mutane da yawa ke zato. Wayar ba ta aika wa banki hoton yatsa. Tana mayar da zanen ne zuwa lissafi, ta adana shi a wani keɓaɓɓen sashe na cikinta, in an ɗora yatsa ta gwada, sa'an nan ta shaida wa manhajar cewa ya dace ko bai dace ba. Wannan dabam yake da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar ran 14 ga Fabrairu, 2014, inda ake ɗaukar yatsu goma da hoton fuska a tara a rumbu guda. Ita BVN jikar aikin Herschel ce, domin manufarta ita ce a hana mutum ɗaya ɓuya a bayan suna biyu.

Raunin yatsa bai daɗe ba ya bayyana. Tun a 2002 Tsutomu Matsumoto na wata jami'a a Yokohama ya nuna ana iya yaudarar na'urori da yatsan jabu mai danƙo. Kwanaki kaɗan bayan fitowar iPhone 5s, ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta buɗe ta da shatin da aka ɗauko daga jikin gilashi. A 2015 aka sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, su kuwa ba su da halin sake yatsu. Bugu da ƙari, ana iya ɗora yatsan mai barci a kan waya, kuma manomi ko magini ko tsoho da zanensa ya side, na'ura takan ƙi shi ko da shi ne mai asusun.

Don haka ne masu ƙera waya ba su taɓa barin yatsa ya tsaya shi kaɗai ba. Idan aka kashe waya aka kunna, ko yatsa ya ƙi sau da dama, lambar sirri ake komawa gare ta. Haka kuma wanda ya san lambar buɗe waya yana iya shigar da nasa yatsa, shi ya sa manhajoji masu inganci kan nemi a sake tabbatar da kai da zarar an ƙara sabon yatsa. Bankuna da yawa kan bar mutum ya shiga da yatsa, amma su nemi lamba kafin kuɗi su fita. Masu ƙananan wayoyi kuwa, da ke tura kuɗi ta hanyar buga alƙaluma da alamar tauraro, lambar ce kaɗai garkuwarsu.

6.0 Kammalawa

Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tura ɗimbin jama'a zuwa ga waya da masu POS, ciki har da waɗanda ba su iya karatu ba, waɗanda sukan miƙa wa ɗa ko maƙwabci ko mai shago waya da lamba gaba ɗaya. Waɗannan su ne magadan masu dangwale na jiya, kuma matsalarsu ita ce wadda tsohuwar dokar nan ta hango, watau a yi abu da sunan mutum ba da saninsa ba. Dangwalen da a da ake jin kunyarsa ya zama ado a hannun 'yan boko, amma halinsa bai sāke ba: shaida ce ta wane ne, wadda mutum ke bari a jikin duk ƙoƙon da ya taɓa. Aikin da ya rataya a wuyan malaman harshe da bankuna shi ne su bayyana wa jama'a wannan da Hausar da za su gane, su kuma tsaya a kan kalmar lambar sirri maimakon fin da ake ji a bakin mutane, domin sunan Hausar yana ɗauke da gargaɗinsa a cikinsa.